Dillalin da ke cikin salula: Wa ke biyansa la'ada?

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Dogondutsi ranar kasuwa da kaya a hannu ya san abin da ke tarbarsa tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ƴan kamasho ne za su yi masa ca, wannan ya ce Alhaji ga motar Ƙonni saura mutum guda, wancan ya ja masa jaka ya ce tasu ce mai tashi yanzu-yanzu. Amma babu wanda ke ruɗuwa, domin tun muna yara muka san cewa yaron da ya fi kowa ɗaga murya direba ne ya yi masa alkawarin dala goma ko ashirin a kan kowane fasinja, kuma ƙarfin muryarsa ba shaida ba ce a kan lafiyar motar. Haka abin yake a kara idan mutum ya je sayen ragon layya: dillali na da la'adarsa, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, a gaban kowa ake ƙirga ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, wani sabon dillali ya shigo Arewa a ƴan shekarun nan, ba ya ihu, ba ya jan jakar kowa, yana kwance cikin aljihunmu, kuma da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu maza da mata ba su ma san la'ada yake karɓa ba. Ina nufin wurin binciken nan da ke cikin salula, inda ake rubuta sunan kaya ko a danna a faɗe shi da baki, nan take ya jero masu sayarwa ɗaya bayan ɗaya.

Kwanakin baya, bayan na gama wani shiri a kan farashin kayan masarufi, wata Hajiya mai sana'ar man gujiya da ƙuli-ƙuli ta same ni a ƙofar gidan rediyo. Shekara da shekaru tana tara kuɗin adashe domin ta sayi ƙaramin injin matse mai, ta huta da turmi da ciwon kafaɗa. Ɗan ƙanenta da ke lakwal ya ce mata ba sai ta wahala da tafiya ba, ya ɗauki waya ya rubuta sunan injin da Faransanci. Abin da ya fara fitowa hoton inji ne fes, da farashi da bai kai wanda ta ji a bakin mutane ba, da lambar waya a ƙasa. Suka kira, wani mai daɗin baki ya ɗauka, ya ce kantinsu na Yamai, a tura kafin alƙalami jika 150 a ɗoro injin a motar gobe. Aka tura. Gobe ta yi, jibi ta wuce, lambar ta daina shiga. Na ce mata, Hajiya, yaya aka yi kika tura wa wanda ba ki taɓa gani ba kuɗi haka, ke da ko tiyar gujiya ba ki saye sai kin ɓare kin tauna? Amsar da ta ba ni ita ce ta hana ni barci. Ta ce, ɗana, ai ba ni na zaɓe shi ba, wayar ce ta sa shi a farko, na ɗauka duk cikinsu shi ya fi.

Hajiya ba ta yi wauta ba. Ta yi amfani ne da hankalin da duniya ta koya mata: a makaranta na ɗaya shi ne ya fi ƙoƙari, a kokawa wanda ya ɗauki takobi shi ya ka da kowa. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a cikin waya ana sayen sahun gaba da kuɗi.

To yaya abin yake tafiya? Idan mutum ya rubuta, alal misali, famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, sakamako iri biyu ne ke fito masa a shafi guda. Iri na farko shi ne wanda injin binciken ya tsamo da kansa daga cikin shafukan intanet, ya jera su bisa yadda ya auna dacewarsu da tambayar da kuma yawan sauran shafukan da ke nuni zuwa gare su. Wannan ba a biyan kamfanin ko dala a kansa. Iri na biyu talla ce tsantsa. Masu kaya sun riga sun shaida wa kamfanin cewa duk wanda ya rubuta kalma kaza a ƙasa kaza, a nuna masa mu, za mu biya kuɗi kaza idan ya danna. A cikin ƙiftawar ido, kafin shafin ya buɗe, sai a yi gwanjo tsakanin duk masu son wannan kalma. Kamfanin Google ya ce ba yawan tayi kaɗai yake dubawa ba, yana haɗawa da ingancin tallar da shafin da take kai mutum, kuma haka ne. Sai dai mai karatu ya lura, ingancin da na'ura ke aunawa shi ne ko tallar ta dace da abin da aka nema kuma ko mutane na danna ta. Na'ura ba ta zuwa Yamai ta leƙa ko akwai kanti, ko akwai inji a cikinsa. Waɗannan tallace-tallace su ake ɗorawa a sama, kuma a ƙaramin gilashin Tecno ko Itel irin namu, sau da yawa su ke cika fuskar wayar baki ɗaya, sai an ja ƙasa kafin a iso ga sakamakon da ba na kuɗi ba.

Wani abin mamaki shi ne waɗanda suka kafa Google ɗin da kansu sun hango wannan matsala tun kafin ta zo. A shekarar 1998, Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a jami'ar Stanford ta Amurka, sun rubuta a cikin takardar da suka gabatar da injinsu cewa duk injin binciken da ya dogara da kuɗin talla, dole ya karkata wajen masu tallar ya bar bukatar masu nema. A wannan shekarar ce kuma wani ɗan kasuwa mai suna Bill Gross ya buɗe GoTo.com, wanda shi bai ɓoye komai ba: wanda ya fi biya shi ne a sama, har ma ana rubuta kuɗin da mai tallar ya taya a gefen sunansa kowa na gani. Mutane da yawa sun yi tir da shi a lokacin, amma idan aka dubi inda aka kwana yau, sai a ga shi ne dillalin da ya ƙirga la'adarsa a bainar jama'a. Kamfanin nasa ya koma Overture a 2001, Yahoo ta saye shi a 2003 a kan sama da dalar Amurka miliyar ɗaya da rabi. Shi kuwa Google, shekara biyu kacal bayan waccan takarda, a watan Oktoba na 2000 ya buɗe nasa tsarin talla mai suna AdWords, a 2002 ya mayar da shi gwanjo da biya a kan kowace dannawa. Yunwa ta sa malam ya ci abin da ya hana.

Kuɗin da ke cikin wannan harka ya wuce yadda ɗan kasuwar Matankari ko Kore Mairuwa zai ƙiyasta. A shekarar 2024 kamfanin Alphabet, uwar Google, ya samu kimanin dalar Amurka miliyar 350, ko biliyan kamar yadda ƴan uwanmu na Najeriya ke cewa. Daga ciki, wajen miliyar 198 daga tallar da ke cikin bincike da dangoginta suka fito. Idan aka juya wannan zuwa sefa, ya ninka kasafin kuɗin gwamnatin Nijar na shekara guda fiye da sau 30. Ke nan binciken da muke gani kyauta ne, akwai mai biya, kuma abin da yake saye shi ne idonmu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Za a ce ai ana rubuta alama a kan kowace talla. Gaskiya ne ana rubutawa, amma a bi tarihin alamar a gani. Tun a 2001 wata ƙungiyar kare masu saye a Amurka mai suna Commercial Alert ta kai ƙara gaban hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, cewa injunan bincike na cakuɗa talla da sakamakon gaskiya. A watan Yuni na 2002 hukumar ta rubuta wa kamfanonin cewa su bambanta biyun a fili. A 2013 ta sake rubuta musu, domin ta lura bambancin sai ƙara dusashewa yake yi. A farkon lamari tallar Google na zaune ne cikin akwati mai launi daban, ko daga nesa an san ta. Daga baya aka cire launin aka bar ƴar ƙaramar alama ruwan ɗorawa, a 2016 ta koma koriya, daga nan ta koma baƙa irin launin sauran rubutun, har a watan Janairu na 2020 suka ta yi yawa kamfanin ya ce zai sake dubawa. Yau abin da mutum zai gani a waya shi ne kalmar Sponsorisé idan da Faransanci aka saita ta, ko Sponsored idan da Ingilishi ne, ma'ana an biya kuɗi aka sa wannan a nan.

Ko a ƙasashen da kusan kowa ya yi boko, alamar ba ta wadatar ba. Wani binciken cibiyar Pew da aka fitar a Amurka a 2005 ya gano cewa kashi 38 cikin 100 ne kawai na masu amfani da injunan bincike suka san akwai sakamakon kuɗi da wanda ba na kuɗi ba, kuma kashi 18 ne suka ce koyaushe suna iya bambance su. Kusan rabinsu kuma suka ce da za su gane ana ɓoye musu, da sun daina amfani da injin. Shekara 10 bayan haka, a 2015, hukumar sadarwa ta Ingila, Ofcom, ta nuna wa yara masu shekara 12 zuwa 15 shafin bincike, kashi 31 ne kawai suka gane waɗanne ne talla, alhali alamar na nan a rubuce. Waɗannan yaran Ingila ke nan da aka haifa da kwamfuta a ɗaki. To ina ga mai sayar da zogale a Dumega, wadda ba ta karanta boko, wadda jikanta ke riƙe mata waya yana karanto mata abin da ya fara gani? Kalmar Sponsorisé ko ɗan lakwal ɗin da ya kai aji uku na kwaleji ba lallai ya san abin da take nufi a nan ba, wasu ma ɗauka suke yi yabo ne, wato kamfanin ya tsaya wa wannan mai kaya.

Idan abin ya tsaya a kan injin matse mai da sauƙi, asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Inda ya fi muni shi ne wajen magani. A ƙasar Sin, inda injin Baidu ke riƙe da kasuwar bincike, wani ɗalibi mai shekara 21 mai suna Wei Zexi ya kamu da wani nau'in ciwon daji da ba a cika samu ba. Ya nemi magani a Baidu, wani asibiti a birnin Beijin ya fito masa a sahun gaba da alkawarin sabuwar hanyar warkarwa. Iyayensa suka kashe wajen yuwan 200,000, har da na rance, maganin bai yi komai ba. Kafin ya rasu a watan Afrilu na 2016 ya rubuta labarinsa a intanet, ƙasar ta ɗauka, aka gano wurin da asibitin ya samu saye aka yi. Hukumomin Sin suka umarci Baidu da kada talla ta wuce kashi 30 cikin 100 na kowane shafi, kuma ya daina jera masu talla bisa yawan kuɗinsu kawai. Shi ma Google, a 2011 ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 500 saboda ya karɓi tallar wasu kantunan magani na Kanada masu shigar da magunguna Amurka ba bisa ƙa'ida ba. Mu da muke zaune a ƙasar da ake sayar da ƙwayoyi a faranti cikin rana, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Akwai kuma wanda ya shafi manyan ƴan kasuwarmu kai tsaye, masu odar kaya daga Sin ba tare da sun je ba. A dandalin Alibaba akwai wata lamba da ake kira Gold Supplier, wadda mai kaya ke biyan kuɗin shekara ya samu, ta ɗaga shi sama a bincike, masu saye kuma na kallonta a matsayin shaidar amana. A watan Fabrairu na 2011 kamfanin ya fito da kansa ya ce masu wannan lamba 2,326 da suka yi rajista a 2009 da 2010 ƴan damfara ne, kuma kimanin ma'aikatansa 100 sun taimaka musu ko sun kau da kai. Shugaban kamfanin David Wei da mataimakinsa suka ajiye aiki. A yaba musu da suka tona kansu, amma darasin na nan: lambar da ake saye da kuɗi, abin da take tabbatarwa shi ne mai ita ya biya. Hukumar FBI ta Amurka ma a watan Disamba na 2022 ta gargaɗi jama'a cewa ɓarayi na sayen talla a injunan bincike da sunan sanannun kamfanoni da bankuna, mutum ya danna na farko yana zaton gidan da ya sani ne, ashe shafin bogi ne mai kwashe lambobin sirri.

Na san wani zai ce mu nan Arewa ai ba Google muka fi shiga ba, WhatsApp ne da Facebook da TikTok. Haka ne, kuma can ɗin ma kanwar ja ce. Bidiyon atamfa ko takin zamani da ke faɗo wa mutum a Facebook ba tare da ya nema ba, sau da yawa biya aka yi a kawo masa shi. Idan ya shiga Play Store neman manhajar tura kuɗi, abin da ke zaune a sama kan iya zama talla. A watan Nuwamba na 2025 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoto daga wasu takardun cikin gida na Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, cewa kamfanin ya taɓa ƙiyasta kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa na 2024 daga tallar damfara da haramtattun kaya zai fito. Meta ya ce ƙiyasin na gaggawa ne kuma ya haɗa da tallace-tallacen da ba su da laifi. Ko da rabin haka ne, mai hankali ya san dillalin da ke ci daga hannun ɓarawo ba zai yi saurin korar ɓarawo daga kasuwa ba.

A nan ya zama dole in taɓa gidanmu, kada a ce mai kaza a aljihu ne ke wa'azi. Mu ma'aikatan rediyo mun riga intanet fara wannan sana'a. Na yi aiki a wata tasha inda mai maganin gargajiya kan sayi minti 15, a zaunar da ni in yi masa tambayoyin da shi ya rubuto, da muryar nan tawa da jama'a suka saba jin labaran rasuwa da sanarwar rigakafi da ita. Magani guda, wai yana kashe basir da shawara da ciwon suga da rashin haihuwa. Mai saurare a Dankasari ko Geceme ba shi da hanyar sanin cewa wannan fili saye aka yi, shi dai ya ji a rediyo. Ranar da na fara cewa jama'a wannan fili talla ne, mai maganin ne ya biya, mai maganin ya yi fushi, wanda ke sama da ni ma bai ji daɗi ba, domin abin da ake saye a gurinmu daman shi ne kada a gane talla ce. Ban fi kowa tsarki ba, na karanta irin waɗannan da yawa kafin in fara jin nauyi, albashi kuma daga nan yake fitowa. Na kawo wannan ne domin a gane cewa na san yadda kuɗin talla ke lanƙwasa mai magana a hankali, ba tare da kowa ya ce masa yi ƙarya ba.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Talla halak ce, kuma ba duk wanda ya sayi sahun gaba ne macuci ba. Mafi yawansu ƴan kasuwa ne na gaskiya masu neman ciniki, kamar mai kanti da ya biya kuɗi mai yawa ya kama rumfar bakin ƙofar kasuwa. Shi kansa Google ya ce a 2024 ya toshe ko ya cire talla sama da miliyar 5, ya kuma dakatar da asusun masu talla sama da miliyan 39, wanda ke nuna ana aiki, yana kuma nuna yawan ɓarayin da ke layi. Har ma a ƙa'ida, manoman dankalin Turawa na Dogondutsi ko masu waken Tibiri za su iya sayen kalma su ma, mai nema daga Yamai ko Kwatano ya same su. To amma da wane kati za su biya? Gwanjon na bukatar katin banki da shafin intanet da wanda ya iya Faransanci ko Ingilishi ya tsara tallar. Saboda haka a kasuwar da ke cikin wayarmu, rumfunan bakin ƙofa na hannun mutanen Dubai da Guwanzu da Legas, namu kuwa ko a bayan kasuwa ba a ganin su.

Bambancin dillalin kara da na cikin waya a wurina ɗaya ne, kuma shi ne gaba ɗayan maganar. Dillalin kara yana da gida a gari, an san ubansa, an san surukansa. Idan saniyar da ya sayar ta fito ta sata ce, shi za a fara kamawa, shi zai nemo wanda ya kawo ta, in ya kasa ya biya. La'adarsa kuɗin lamuni ce. Fataken da suka yi ta zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a kan wannan tsari suka dogara, kowane baƙo da maigidansa mai tsaya masa. Na cikin waya yana karɓar la'ada daga mai kaya kaɗai, a kan dannawa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ko kaya sun iso ko ba su iso ba, kuma idan aka cuce ka babu ƙofar da za ka je ka yi sallama.

Ɓarnar da wannan ke yi wa amana hawa biyu ce. Da farko mutum ya yarda fiye da kima, kamar Hajiya. Bayan an cuce shi sai ya koma ɗaya gefen, ya ce duk abin da ke cikin waya ƙarya ne, ya kuma gaya wa duk matan layinsu a kasuwa. Wa ke biyan wannan bashin? Yarinyar da ta gama lakwal ba aiki, take sayar da turaren wuta da lalle ta WhatsApp da gaskiyarta. Matashin da ke ɗaukar hoton buhunan wake ya tura wa mai saye a Maraɗi. Ɓarawo ɗaya da ya sayi sahun gaba na kwana uku ya rufe wa waɗannan kasuwa ta shekara. Kuma abin zai ƙara rikicewa, domin yanzu injunan sun fara ba da amsa guda a dunƙule wadda na'ura mai kwaikwayon tunanin mutum ke rubutawa, maimakon jerin shafuka, kuma tun 2024 Google ya fara sa talla a cikin irin wannan amsa a Amurka. Mai tambaya da baki, a karanto masa amsa da baki, ta ina zai ga alama?

Manyan ƙasashe na iya ja da waɗannan kamfanoni. Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro miliyar 2.42 a watan Yuni na 2017 saboda ya fifita nasa dandalin kwatanta farashi a kan na abokan hamayya a sakamakon bincike, kuma kotun ƙoli ta tarayyar ta tabbatar da tarar a watan Satumba na 2024. Wannan kuɗi ya kai sefa miliyar 1,587. A ranar 5 ga Agusta 2024 alƙali Amit Mehta na Amurka ya yanke hukuncin cewa Google ya kankane kasuwar bincike ba bisa doka ba, bayan an nuna a kotu cewa a 2021 kaɗai ya biya dala miliyar 26.3 ga masu ƙera waya da makamantansu domin injinsa ya zama shi ne a kafe tun daga kanti. Wato shi ma mai sayar da sahun gaba, sayen nasa sahun gaban yake yi. Nijar ba ta da wannan ƙarfi, kuma yaudarar kai ne a ce wata hukuma a Yamai za ta sa kamfanin Kaliforniya ya sauya launin alamarsa. Amma wanda ya karɓi jika 150 na Hajiya ba a Kaliforniya yake ba. Da layin waya na nan ƙasar ya yi magana, a wani gishe na nan ƙasar ya karɓi kuɗin, kuma layi da sunan mutum ake yi masa rajista, kuɗi da katin shaida ake fitar da su. Muna da dokar kare masu saye ta 2015, muna da dokar laifukan intanet ta 2019, muna da hukumar ARCEP mai kula da kamfanonin sadarwa, ga ƙungiyoyi irin su ADDC Wadata. Dokar 2019 ɗin an fi jin amonta idan wani ya yi rubutun da ya taɓa manya. Muna son mu ji amonta a kan masu cinye jarin matan kasuwa. Su kuma shugabannin ƴan kasuwa na Dutsi da Tibiri, da mu masu makirfo, bayanin kalma guda ɗin nan da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci bai fi ƙarfinmu ba.

Kafin nan, wanda zai nemi kaya a waya ya sa yaron da ke karanta masa ya duba ko akwai Sponsorisé ko Sponsored a saman abin da ya fito, ya kuma ja ƙasa ya ga sauran. A gefen tallar Google akwai ɗigo uku, idan aka danna sukan nuna sunan wanda ya biya da ƙasar da yake, kuma kantin da ya ce yana Yamai amma mai biyan yana wata nahiya ya riga ya ba da amsa. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kasuwa da nisa shi ma abin tsoro ne. Sannan babu ɗan Arewa da ba shi da ɗan uwa ko direban da ya sani a Yamai ko Kano ko Sakkwato, a tura shi ya ga kantin da idonsa ya taɓa kayan kafin dala ta fita, kada a yi cinikin biri a sama. Idan kuma ƙaddara ta riga ta faɗa, a riƙe takardar tura kuɗin da lambar wayar a kai kwamisariya ko jandarmari da wuri, a bar jin kunyar a ce an yi wauta, domin shirun nan shi ke ba ɓarawo damar cin na gaba.

Hajiya ta kai nata ƙorafin, da ni aka je, an rubuta, ana jira. Ta sake shiga wani adashen, kwasarta sai bayan kaka. Ta ce wannan karon wani dillali ɗan Bacaka da mijinta ya sani tun suna samari shi zai raka ta har inda injin yake, a tayar da shi a gabanta a zuba gujiya ta ga mai na fita. La'adarsa jika biyar ce, ta ce ta ji ta gani.